Yaron da Lissafi Ya Yi wa Kaɗan: Daga Allo zuwa Aji

Uban da ya sami hedimasta ya ce lissafin aji biyu ya yi wa 'yarsa sauƙi, sau da yawa kallon mai fariya ake yi masa. Alhali kokensa yana da tarihi, kuma tsarin aji ne ya haife shi. Kafin a fara tara yara sa'annin juna a ɗaki ɗaya, a yanka musu abin da za su koya a shekara, babu yadda za a yi karatu ya yi wa yaro kaɗan.

A makarantar allo kowa da allonsa. Yaro ya biya, malam ya ji karatun ya zauna a bakinsa, sai ya ce a wanke a rubuta na gaba, na kusa da shi kuwa ya ci gaba da nanata nasa. Ɗan shekara tara yakan wuce ɗan sha biyu da izu guda, ba wanda ya kira taro a kai. Haka abin yake a zauren ilimi, inda ake koyon hisabi da rabon gado: ɗalibi ya sauke littafi ya ɗauki wani, in ya ƙure malaminsa ya nufi wani gari. Irin wannan karatu ne ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ko a Turai aji ba tsohon abu ba ne. A makarantar da Joseph Lancaster ya buɗe a Landan a 1798, ana jera yara ne bisa inda suka kai a kowane darasi, ta yadda yaro zai iya zama a rukunin gaba a lissafi, yana na baya a karatu. Rabon yara bisa shekaru ya yi ƙarfi a Jamus, Amurkawa suka ara, makarantar Quincy ta Boston ta fara aiki da shi a 1848. Shekara ashirin kacal bayan haka, William Torrey Harris a St. Louis ya fara ciyar da masu saurin ganewa gaba ba tare da jiran ƙarshen shekara ba. Wato tun tsarin yana sabo masu shi suka ga inda yake yoyo. Boko ya iso mana da wannan tsari, daga makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano a 1909, kuma facin da aka saba yi shi ne tsallaken aji: a ɗauke yaro daga aji uku a kai shi biyar. Da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, malami ya koma koyar da tsakiyar aji, mai sauri da mai nawa kowa ya ji da kansa.

Za a ce allo hadda ce, lissafi kuwa gini ne, hawa kan hawa. Gaskiya ne, amma wannan hujja tana goyon bayan uban nan ne. In darasi gini ne, ya fi kowane buƙatar a san hawan da kowane yaro yake kai. Yarinyar da take raba lambobi a ka, aka ba ta shafi guda na tarawa, ba harsashi ake ƙarfafa mata ba. Zama take koyo, da kallon taga. Za a kuma ce malami ɗaya ba zai bi yara fiye da hamsin ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma aji ya kai karatu ga miliyoyin da da ba su samu ba. Sai dai uzuri ne na ƙarancin malamai, bai nuna cewa yaron ba shi da buƙata ba.

Gwamnati ma ta amince da buƙatar, ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja a 1990. Amma ta sakandare ce, sai an ci jarrabawa, ba ta san da ɗan shekara shida ba. Tsallaken aji kuma yana da nasa aibin: yana jefa yaro cikin manya a kowane darasi, alhali wataƙila rubutunsa bai nuna ba, a lissafi kaɗai ya yi fice. Abin da ya fi dacewa uba ya roƙa shi ne dabarar Lancaster: Malam ya gwada yarinyar da tambayoyin aji na gaba, in ta ci, ta riƙa zuwa can lokacin lissafi kawai, ta dawo cikin sa'anninta. Wannan ba ya cin kuɗi, illa hedimasta ya sa lissafin azuzuwan biyu a awa ɗaya cikin jadawali.