Kakar da Sunanta Ya Ɓace a Hanyar Gabas

Idan ka zauna da dattijo a Mai Wurno, ko a ɗaya daga ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da bakin kogin Nilul Azraƙ, ka tambaye shi asalinsa, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce shi wane ɗan wane ɗan wane, har ya dire kan kakan da ya baro Sakkwato ko Haɗeja ko Katagum. To ka juya tambayar, ka ce ya faɗa maka sunan wadda ta haifi kakarsa ta wajen uwa. A nan ne za ka ga ya sunkuyar da kai yana tunani. Wataƙila ya tuno laƙabi, Iya ko Gwaggo ko Hajiya Babba, amma sunan yanka da garin da aka haife ta sun tafi.

Abin mamaki, harshenmu da kansa ya fifita uwa. Wanda muke ƙauna ɗan'uwa muke ce masa, kishi da gaba kuwa su muke kira 'yan ubanci. Amma da an zo lissafin salsala sai a bi maza zalla. Kunya ma ta taimaka: ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa, jika ya taso bai taɓa jin an ambace shi ba.

Yadda mutanenmu suka isa can sananne ne. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, wajen 1906 suka sauka kusa da Shehu Ɗalha, kudu da Sinnar, garin da suka kafa ya ɗauki sunansa. Tun kafin su akwai mahajjata masu bin ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, bayansu ma ba a daina ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, mai niyyar Makka ya samu inda zai yi ƙwadago ya tara guzuri. Wani shekara biyu ya yi niyyar yi, sai ga jikokinsa a wurin. Mark Duffield ya rubuta littafi kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995 kan waɗannan alhazai da tafiyarsu ba ta ƙare ba, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya yi nazarin yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci.

Tafiyar da ke cin shekaru ba ta maza kaɗai ba ce. Akwai matan aure da suka fito daga gida, akwai 'yan mata da aka aurar a zango, akwai kuyangi da ƙwaraƙwarai, akwai matan Barebari da Shuwa da na Wadai da aka aura a hanya. Duk sun haihu, 'ya'yansu sun tashi Hausawa ko Fulani, domin uba ake bi. Su ne rabin tarihin da ba a rubuta ba.

A nan ilimin ƙwayar halitta ya shigo. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu ƙananan halittu da ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, ana kiransu maitokondiriya. Suna da nasu ɗan rubutun gado daban, mai harafi 16,569, wanda aka fara karance shi kaf a Kambirij ta Ingila a 1981. Daga uwa kaɗai ake samun sa. Namiji yana ɗauke da na mahaifiyarsa, amma a kansa yake tsayawa, 'ya mace ce ke miƙa shi gaba. Don haka wanda ke jikinka shi ne na mahaifiyarka, da na uwarta, da na uwar uwarta, kusan ba canji. Mu kira shi gadon uwa. Gwajinsa ba ya buƙatar jini, yawu ko ɗan goge cikin kumatu ya isa.

Inda wannan gwaji ya fi amfani shi ne inda da ma akwai zance a ƙasa. A ce wani gida a Mai Wurno suna cewa kakarsu ta baro ƙanwarta a Gwadabawa lokacin hijira, a Gwadabawa kuma akwai gidan da ke cewa yayar kakarsu ta bi Attahiru ba ta dawo ba. Sai a nemo mutum ɗaya a kowane ɓangare wanda ya gangaro ta mata zalla, 'ya bayan 'ya, na ƙarshen ne kawai zai iya zama namiji. In gadon uwarsu ya sha bamban ƙwarai, to matan nan biyu ba ciki ɗaya suka fito ba. Hakan bai ƙaryata zumuncin ba, domin suna iya zama 'yan uba, ko 'yan'uwan shayarwa, ko ɗaya riƙo ce, kuma a gidan mata huɗu wannan ba baƙon abu ba ne. In kuwa ya zo daidai harafi da harafi, zancen tsofaffi ya samu mai mara masa baya. Da irin wannan hanya aka tabbatar da ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila, da aka tono a Lesta a 2012: an gwada su da na zuriyar 'yar'uwarsa ta ɓangaren mata, bayan fiye da shekara 500.

Sai dai mai karatu ya yi hattara da kalmar daidai. Gadon uwa yana canzawa a hankali ƙwarai, masana sun ƙiyasta harafi ɗaya a cikin shekara dubu uku da wani abu. Wanda sakamakonku ya zo ɗaya zai iya zama jikan ƙanwar kakarka, zai kuma iya zama wanda kuka haɗa kaka tun kafin a gina ganuwar Kano. Ga shi kuma zare ɗaya ne tak: in ka koma baya hawa biyar kana da kakanni 32, gwajin nan labarin mace ɗaya cikinsu yake bayarwa.

Batun ƙabila kuwa, ni dai ina ganin masu tallan gwaji suna sayar da abin da ba su da shi. A 2006 Bert Ely da abokan aikinsa sun gwada gadon uwa na baƙaƙen Amurka da na Afirka. Fiye da rabi sun dace da ƙabilu da yawa a lokaci guda, waɗanda suka dace da ƙabila ɗaya tak ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ba abin mamaki ba ne, mata ne ke barin gida su tafi aure, kuma sun daɗe suna ƙetare iyakar harshe. Akwai dai reshen da ake kira L3f3, wanda wani bincike na 2009 ƙarƙashin Viktor Cerny ya danganta da masu magana da harsunan Cadi, dangin Hausa, ya kuma ƙiyasta shekarunsa wajen 8,000. Wannan tarihin al'umma ne, ba zai nuna maka unguwar kakarka ba. Ta ɓangaren maza ma an duba Hausawan Sudan: binciken Hisham Hassan da Muntasir Ibrahim da abokansu na 2008 ya samu kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka gwada a reshen R1b, sai dai mutanen 'yan kaɗan ne.

A Sudan tambayar asali ba hirar dare ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ka lura da shekarar: mutanen Burmi bayanta suka iso. Kakar da ke 'yar ƙasa ta asali ba ta da amfani a gaban wannan doka, sai a 2005 aka buɗe ƙofar neman zama ɗan ƙasa ta wajen uwa. A watan Yulin 2022, rikici kan sarauta da mallakar ƙasa ya ɓarke a Rusairis da kewaye tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. A irin wannan wuri takardar gwaji tana iya zama makami a hannun kowa. Wani zai ɗaga ta ya ce ga shaida ku baƙi ne, alhali ba ta san iyakar da Turawa suka shata ba. A cikin gida ma tana iya tono abin da tsofaffi suka binne da gangan, kamar kakar da aka sayo. Kafin mutum ya aika yawunsa, ya tuna sakamakon ba nasa ba ne shi kaɗai, na 'yan ɗakinsu ne da kawunnansa da 'ya'yan innoninsa.

Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya taɓa Sinnar da Sinja, ya warwatsa iyalai. Tsofaffin matan da suka ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka taka ta suna ƙarewa, wasu a gudun hijira. Gwaji zai iya jira, domin gadon yana jikin jikoki. Abin da za a tambayi tsohuwa tun tana iya amsawa shi ne sunan uwarta da na kakarta, garin da aka ce sun fito, irin zanen da ke fuskarsu, harshen da suke yi in sun yi fushi, da wadda suka ce sun bari a baya.