Daga Fulofi Zuwa Tera: Yadda Ma'adanar Kwamfuta Ta Yi Araha a Kan Idonmu

Duk wanda ya daɗe a harkar gyara da sayar da kwamfuta a Jimeta zai gaya maka cewa babu kayan da farashinsa ya karye a hannunmu kamar had-dis, wato ma'adanar da kwamfuta ke ajiye bayanai a ciki. Ƙarfen bai sauya kama sosai ba, amma abin da yake ɗauka ya ninka har lissafi ya gaji.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1956 kamfanin IBM ya fito da had-dis na farko, mai faifai 50 a jere, nauyinsa ya kai tan guda, kuma abin da yake ɗauka bai wuce mega 5 ba. A 1980 kamfanin Seagate ya ƙera wanda zai shiga ƙaramar kwamfuta, shi ma mega 5, a kan dala 1,500. Idan aka buga lissafi, giga ɗaya ya kama dala 300,000 ke nan. Abin da ya karya wannan tsada shi ne ƙwarewa wajen cusa bayanai masu yawa a ɗan fili. Binciken da Albert Fert da Peter Grünberg suka yi a 1988 kan maganaɗisu ya ba da damar ƙera kan karanta bayanan had-dis mai tsinto alama komai ƙanƙantarta. A 2007, shekarar da aka ba su kyautar Nobel, Hitachi ya fitar da had-dis mai tera ɗaya a kan dala 400. Giga ɗaya ya dawo senti 40.

Mu a nan, ta ƙofar shagunan buga takardu muka shiga wannan tarihi. A ƙarshen shekarun 1990, ɗaliban FUTY, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, sukan zo daga Girei da aikin kammala karatu a rubuce da hannu, a buga musu, a zuba a fulofi mai mega 1.44. Fulofi ba ya shiri da ƙurar hunturu. Sai ka sa shi a inji ka ji yana ƙugi, ɗalibi na tsaye a kanka yana salati, domin wahalar shekara guda ce a ciki. Had-dis ɗin shagon kuwa ƙarami ne, dole kowane ƙarshen mako mu zauna mu zaɓi aikin da za a goge don a samu wurin sabo.

Daga baya faifan sidi mai mega 700 ya zo, fulash ya biyo baya. Kaya suka riƙa kwararowa daga Kwamfuta Bilej ta Ikeja da kuma Kano, yawancinsu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai suka sallama. Buɗe Jami'ar Amurka ta Najeriya a Yola a tsakiyar shekarun 2000 ya sa ganin laftof a hannun matashi ya daina zama abin kallo. Da tera ya shigo kasuwa sai ga sabuwar sana'a: matashi da teburi da kwamfuta ɗaya, ya cika had-dis da fina-finan Hausa da na Indiya, waƙoƙin Fulfulde da wa'azin malamai, yana tura wa mutane a memori. Wannan ya ci kasuwar masu hayar kaset, ya kuma taɓa aljihun 'yan Kannywood.

Sai dai sauƙin bai zo mana a miƙe ba. A 2011 ambaliya ta mamaye masana'antun had-dis a Tailan, farashi ya yi tsalle a duniya, mu ma muka ji a jikinmu. Sannan ga naira: dalar da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati a 2015 ta haura 1,500 a 2024. Kaya na sauka a dala, suna hawa a naira. Shi ya sa har gobe mai saye a Jimeta yakan fara da cewa, "Malam, akwai na hannu mai kyau?"

A nan ne damuwata take. Da wurin ajiya ya yi yawa, sai mutane suka daina tsoron asara. Mai ɗaukar hoton biki zai tara aikin shekaru a had-dis ɗaya na hannu, wanda bai san tsawon aikin da ya yi a wata ƙasa ba. Ga zafin Yola da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Ranar da had-dis ɗin ya fara ƙas-ƙas, sau da yawa sai dai mu ba mai shi haƙuri, domin ceto bayanan kan fi kuɗin sabon had-dis nesa ba kusa ba.

Don haka ina kira ga makarantu, ofisoshi, masu hoto da iyalan da ke riƙe da tsofaffin littattafan ajami na kakanni: ku ɗauki hoton takardunku, ku ajiye komai a wuri biyu, ɗaya a wani gida daban. Had-dis na biyu yana da farashi, amma abin da ya ɓace ba a sayar da shi a kowace kasuwa.