RAINA KAMA: YADDA AMANA TA RAINI ADABIN KASUWAR KANO

Duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya san nauyin miƙa wa wani rubutun hannunsa. Yana iya sace maka labari, yana iya yi maka dariya a majalisa, kuma wallahi dariyar ta fi satar ciwo. A nawa ganin, daga nan ya kamata a soma tarihin ƙungiyar Raina Kama.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, kamfanin NNPC na Zariya ya ja baya da buga ƙagaggun labarai, sai matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Cikin jagororin Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ba 'yan jami'a ba ne. Ado makarantar manya ya yi, ita kuwa Balaraba cire ta aka yi daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama.

Abin da ya fi burge ni shi ne, littafin ɗayansu yakan fito ɗauke da jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya, har da hotonsu. Wato da kuɗinka ka tallata hajar abokin sana'arka, alhali kasuwarku ɗaya! Mu nan Birnin Gwari, inda littafi sai direba ya ratso daji ta Funtuwa ya kawo, da irin wannan jerin muke sanin abin da za mu yi sallahu.

To, wanda ya san yana da 'yan'uwa a bayansa shi ke iya taɓa abin da ake tsoro. A 1990 Balaraba ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, ta fallasa maigidan da ya wulakanta iyalinsa saboda karuwa. In Da So Da Ƙauna na Ado kuwa har fim ya koma a 1994. Malam Ibrahim Malumfashi ya caccake su, ya kira abin "Adabin Kasuwar Kano", sunan ya bi mu har yau, amma ba su ajiye alƙalami ba.

Babbar jarrabawa ta zo daga baya. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone littattafai a Kano, a 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai ta nemi kowane marubuci ya je ya yi rajista shi kaɗai. Marubuta suka haɗa kai suka ƙi, lokacin Ado ne shugaban ANA reshen Kano, har aka daidaita a kan a bi ta ƙungiyoyinsu.