Dakwaro: tarihin iyakar da ke tsakanin gona da makiyaya

Duk wanda ya baro Maraɗi ya nufi arewa, idan ya wuce Kornaka ya isa Dakwaro, zai ga gonakin hatsi suna raguwa, garken shanu da raƙuma suna ƙaruwa. A nan ne ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar kiwo, a nan ne kuma Hausawa da Fulani da Buzaye suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya. A da, makiyayi yakan kwana da garkensa a gonar manomi bayan girbi, ya bar masa taki, ya tafi da hatsi.

A shekarar 1961, bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa. A ƙasar Dakwaro, kwarin Tarka ne mutane suka sani a matsayin alamar wannan iyaka: kudu ta manoma, arewa ta makiyaya. Sai dai fari na 1973 da na 1984 sun sauya al'amura. Dabbobi suka mutu, makiyaya da yawa suka kama hauya, manoman kudu kuma suka yi ta matsowa arewa saboda ƙarancin gona. Burtaloli suka tsuke, aka kewaye mashaya da shuka.

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma saɓanin da aka bari ba sulhu yakan zama gobara. A watan Oktoba na 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, rikicin ɓarnar gona a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, ya ci rayukan Fulani sama da 100, akasarinsu mata da yara. A daidai wannan zamani, bayan abin da ya faru a Cintabaradan cikin watan Mayu na 1990, tawaye ya kunno kai a arewa, hanyoyin fatauci da na kiwo suka zama abin tsoro. Dakwaro ta tsinci kanta tsakanin wuta biyu.

Sulhu ya zo ta hanya biyu shi ma. Ta farko ita ce yarjejeniyar 24 ga Afirilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawaye, wadda ta biyo bayan tattaunawar Wagadugu. Ranar ta zama ranar haɗin kan ƴan ƙasa, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone makamai a bainar jama'a a Agadas. Hanya ta biyu ba ta yi amo kamar ta farko ba, amma ita ta fi shafar talaka: dokar karkara ta Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye, inda hakimai da ma'aikatan hukuma da wakilan manoma da na makiyaya suke zama tare. Da taimakon ƙasar Suwis da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, aka bi burtalolin jihar Maraɗi ana kafa musu alamun siminti. A 2010 wata doka ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Tawayen da ya sake tashi a 2007 ya nuna cewa sa hannu a takarda ba ya wadatarwa. Alamar siminti ma ba ta hana ɓarna, sai in mutanen da ke gefenta sun yarda da ita. Abin da ya riƙe zaman lafiya a Dakwaro shi ne ayyana ranar sakin gonaki bayan girbi, da ƙimanta ɓarna a gaban shaidu, da biyan diyya kafin fushi ya kwana.

Yaran da ke cikin azuzuwa yanzu ba su ga 1991 ba. Idan malamai da ƙungiyoyin al'adu ba su faɗa musu dalilin da ya sa aka kafa waɗannan alamu ba, wata rana ɗayansu zai tumɓuke su don ya ƙara faɗin gonarsa.