Daga Katsina Zuwa Jidda: Nisan Tafiyar Jirgin Alhazai da Abin da Yaƙin Sudan Ya Ƙara Mata

Maniyyacin da ya fito daga Funtua yakan fara tafiyarsa ne a mota, ya ratsa Bakori da Malumfashi da Kankiya zuwa birnin Katsina, zangon da ya kai kusan kilomita 200. Sai a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa ake soma lissafin sama. Daga nan zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan a miƙe ya kai kimanin kilomita 3,470. Zuwa Madina kuwa, kimanin kilomita 3,600 ne.

Babban jirgin fasinja mai gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa yakan cinye wannan zango cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, haɗe da tashi da sauka. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, don haka jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka wajen biyar na asuba a agogon can.

Wannan lissafi ya dogara ne kacokan kan hanya ɗaya: jirgi ya keta sararin Chadi, ya shiga na Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanni suka bi a ƙasa, tafiyar watanni ko shekaru har gaɓar Suwakin, abin da ya bar zuriyar Hausawa da Fulani a garuruwa irin su Mai Wurno har yau.

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu. Kowace awa a sama mai ce ake ƙonawa, man kuma da dala ake sayensa. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, aka sha tattaunawa da hukumar NAHCON kafin a daidaita. Manomin da ya sayar da masara ko audugar shekaru ya biya kujerarsa, ƙarin ya same shi ne bayan ya ɗauka lissafinsa ya rufe, a kan rikicin da ba shi da hannu a ciki.

Akwai kuma awannin da babu wani jadawali da yake ƙirga su. Tsakanin kiran maniyyata zuwa sansanin alhazai, tantance fasfo, awon kaya da jiran jirgin da ya makara wajen dawowa daga Saudiyya, zaman da mutumin Malumfashi zai yi a Katsina yana iya ninka tsawon tafiyarsa a sama sau da dama.