Koyon Ƙira a Ƙasar Hausa

Ƙira na cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Binciken masu tonon ƙasa a Dutsen Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano yana danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Tun daga wancan zamani, hanya ɗaya ce ta riƙe sana'ar: yaro ya zauna a maƙera gaban ubansa, ko kawunsa, ko ubangidan da aka damƙa shi a hannunsa. Haka take ga maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da takobi, haka ga maƙeran fari masu aikin azurfa.

Da zuga ake farawa. Yaro zai zauna bayan zuga-zugin fatar akuya yana hura gawayin ƙirya, idonsa na kan wuta, har ya gane launin da ƙarfe ke yi idan ya isa duka. Sai a ba shi awartaki ya riƙe wa maigida, daga baya ya ɗauki masaba ya fara da ƙusa da basilla a kan uwar maƙera, kafin a yarda ya taɓa lauje ko gatari. Abin da ya fi wuya, wato tsoma wuƙa a ruwa daidai lokacin da bakinta zai yi ƙarfi ba tare da ya tsage ba, sai wanda ya daɗe yana kallo yana ɓata ƙarfe ana gyara masa ne ke iya shi.

Akwai masu cewa wannan tsari ci da gumin yara ne, kuma gado yana rufe ƙofa ga bare. Maganar ba ta rasa gaskiya: an yi iyayengijin da suka riƙe yaro a kan zuga fiye da kima, an kuma ɓoye sirri har mai shi ya mutu da shi. To amma tarihin narka tama ya isa hujja kan amfanin tsarin. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacensa suka yi araha, iyaye suka daina kai yara wurin narkawa, kuma cikin 'yan shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba ilimin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Ƙira kuwa, da yake ba a daina zaunar da yara a maƙera ba, ta rayu, ta koma sarrafa ƙarfen tsofaffin motoci.

Gyaran da ake bukata shi ne a yanke wa koyo wa'adi, a buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba, a bar yaro ya haɗa maƙera da makaranta. Hukumomin koyar da sana'a su nemi tsofaffin maƙeran nan tun suna da ƙarfin ɗaga masaba.