Kwanaki Shida na Halitta: Asalin Wata Tsohuwar Jayayya a Adamawa

Duk wanda ya san Jambutu da sauran unguwannin Jimeta ya san cewa daga cikin Kiristocin da ke zaune a can akwai mabiya ɗariƙar Luta, akwai kuma na Katolika. Dukansu suna karanta babin farko na Littafin Farawa, wanda ya ba da labarin halittar duniya cikin kwana shida. Sai dai kaɗan ne suka san cewa magabatan waɗannan ɗariƙu biyu sun yi hannun riga a kan ma'anar kwanakin nan, wato ko tarihi ne zalla, ko kuwa misali ne.

Ɗariƙar Luta ta shigo Adamawa ta hannun wani likita ɗan ƙasar Denmak, Dokta Neils Buronum, wanda ya sauka Numan a 1913. Makarantar horar da fastoci da ke Mbamba, kusa da Yola, sunansa ta ci. Katolika kuwa limaman ƙungiyar Agustin ne daga ƙasar Ayilan suka kafa ta a 1940. To, a nan gizo ke saƙar, domin shi kansa Martin Luta ɗan wannan ƙungiya ne tun 1505, kafin ya raba gari da Fafaroma.

Agustin mutumin Afirka ne, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Ya shafe kimanin shekara 14, daga 401 zuwa 415, yana rubuta sharhin Littafin Farawa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, nassin ya ce sai a kwana na huɗu aka halicci rana, to da me aka auna safiya da maraicen kwana ukun farko? Tun a ƙarni na 3 Orijin na Iskandariyya ya yi irin wannan tambaya. Agustin ya tsaya a kan cewa Allah ya halicci kome a lokaci guda, kwanakin kuwa tsari ne na fahimtar da bayi. Har ya gargaɗi Kiristoci da kada su riƙa kafa hujja da nassi a kan sha'anin taurari da ƙasa ba da sani ba, don kada masana su raina addinin. Abin lura shi ne, shi a wurinsa wannan ita ce ma'anar nassin ta zahiri, haka ma ya sa wa littafin suna.

Luta bai yarda ba. A darussan da ya fara gabatarwa a 1535, ya dage cewa Annabi Musa magana ya yi ƙeƙe-da-ƙeƙe, kwana shida kwana shida ne, duniya kuma ba ta kai shekara 6,000 ba. A kan irin wannan lissafi ne Bishop Usha na Ayilan ya tsayar da shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu a matsayin mafarin duniya.

Saboda haka masu cewa karatun misali gudun abin kunya ne da aka ƙago bayan littafin Dawin na 1859, a ganina ba su yi wa tarihi adalci ba. Jayayyar ta girmi Dawin da fiye da shekara 1,500. Hasali ma, ko malaman tafsiri na Musulunci sun saɓa a kan kwanaki shidan da Alƙur'ani ya ambata, wasu suka ce irin namu ne, wasu suka ce kowane ɗaya shekara dubu ne.

Labarin ya shigo Hausa ne a 1858, lokacin da Bajamushen nan Shon ya fassara Littafin Farawa, sannan cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Shi ne mishan suka yi amfani da shi wajen wa'azi ga Bacama da Lunguda da sauran ƙabilun da Hausa ba harshensu na gado ba ne.

A 1950, shekarar da Yola ta zama yankin Katolika mai cin gashin kansa, Fafaroma Payos na 12 ya halatta wa masana binciken asalin jikin ɗan Adam ta hanyar kimiyya, bisa sharaɗin cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye. Yau kuwa ɗaliban ilimin ƙasa na Jami'ar Modibbo Adama, Musulminsu da Kiristansu, ana koya musu cewa duwatsun kwarin Binuwai, irin su Bima, sun haura shekara miliyan 90.